Yadda Bahago Ya Koyi Hira da 'Yarsa

Sunansa na yanka Abdulbaƙi, amma in ka shiga unguwar Limancin Kona kana neman Abdulbaƙi sai an tsaya an yi tunani. Bahago aka sani, don da hagu yake riƙe allura. Maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, irin wanda ake shafe watanni a kan aljihun riga ɗaya. A zauren gidansu ya koyi sana'ar wajen mahaifinsa, a nan kuma ya ci gaba da ita bayan rasuwar tsohon, shi da abokin aikinsa Zailani, kowa da shadda a cinya, ga rediyo tana ta surutu a tsakaninsu.

Ba mai yawan magana ba ne. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka girman kai ne, alhali haka ya tashi. Mahaifinsa in ya ga kuskure a ɗinki ba ya faɗa, sai ya karɓi rigar, ya warware zaren, ya miƙo masa. In aiki ya yi kyau kuwa, sai ya ninke ya ajiye. Haka suka rayu, suna ƙaunar juna, ba wanda ya taɓa furtawa.

Bai yi aure da wuri ba, saboda ƙannensa da suka faɗo wuyansa. Sai da ya aurar da ta ƙarshensu sannan ya nemi Hassana, 'yar wani malamin firamare daga wajen Kufena. Ita kam akwai baki. Tana tuya tana ba da labari, tana shara tana waƙa. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, har cewa take yi tun da yarinyar nan ta shigo gidan ya farka daga barci. Shi dai Bahago sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi.

Hassana na da tsohon ciki mahaifiyarta ta rasu, rasuwar farat ɗaya. Da ta haihu babu gidan da za ta je wankan jego, sai Inna Hajo ta ɗauki nauyin komai, ta dafa ruwa safe da yamma, ta dama kunun kanwa. An samu 'ya mace, aka mayar da sunan marigayiya, Mariyamu, ana kiranta Ihsan.

Aka yi arba'in, aka gama wanka, amma Hassana ba ta dawo yadda take ba. Waƙa ta ɗauke, labari ya ɗauke. Sai ta zauna a bakin gado tana kallon bango har abinci ya huce a gabanta. Tana shayar da yarinyar, tana yi mata wanka, tana sauya mata kaya, amma duk kamar wadda aka aika. Inna Hajo ta ce kewar uwa ce, a ba ta lokaci. Da lokacin ya ja, sai ta ce ko ido ne, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Bahago yana gani, abin yana cinsa, bai san ta inda zai fara ba. In ya shiga ɗaki ya ce, “Yaya jikin?” sai ta ce, “Da sauƙi.” Shi ke nan magana ta ƙare.

Ita kuwa Ihsan kowa yabonta yake yi. Ba ta kuka, ba ta rigima. A kwantar da ita a tabarma, sai ta yi ta kallon rufin ɗaki har barci ya ɗauke ta. Maƙwabta suna cewa Allah ya ba su yarinya mai haƙuri.

Tana wajen wata biyar mai unguwa ya aika a tara magidanta masu jarirai a ƙofar gidansa bayan la'asar. Wasu mutane ne suka zo daga jami'a, shugabansu wani likitan yara mai suna Dakta Jibril, ɗan birni ne shi ma, ya yi bayani da Hausa tsantsa. Ya ce bincike suke yi. Suna so su gane ko ziyartar gidajen masu goyo, ana zama da iyaye ana nuna musu dabarun reno, tana sa yara su fi saurin wayo, iyaye mata kuma su fi samun lafiya. Ya ce ba za su iya ganewa ba sai sun kwatanta, don haka za a raba gidajen biyu da ƙuri'a. Rabi za a riƙa ziyartarsu tun yanzu. Ɗaya rabin za a riƙa auna yaransu, in an ga ciwo a tura su asibiti, ziyara kuma sai an gama binciken. Wanda bai so ba, ba dole.

Bahago bai yi niyyar shiga ba. Zailani ne ya ɗaga hannu, don matarsa ba ta daɗe da haihuwar ɗansu na huɗu ba, Nasrullahi, sannan ya zunguri Bahago da gwiwar hannu. Da ƙuri'a ta fito, gidan Bahago ya faɗo cikin masu ziyara, na Zailani bai faɗo ba.

“Ka gani ko?” in ji Zailani. “Ni na jawo ka, kai ka ci.”

Wadda aka turo musu ita ce Malama Asma'u, ma'aikaciyar lafiya daga Tukur-Tukur, dattijuwa mai jiki, mai tafiya a hankali. Ranar farko ta daɗe tana gaisawa da Inna Hajo, har suka gano cewa kakanninsu sun yi zaman unguwa ɗaya. Sannan ta shiga ɗakin Hassana. Daga baya Hassana ta ba mijinta labarin yadda aka yi. Ta ce ta zaci za a tambaye ta nono da rigakafi, ta ma shirya amsoshi. Sai matar ta zauna kusa da ita ta ce, “'Yata, bari tukuna da maganar jaririya. Ke fa? Kina samun barci?” Hassana ta ce tun da ta haihu ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Ta buɗe baki za ta ce da sauƙi, sai kuka ya ƙwace mata.

Da suka gama, Malama Asma'u ta aika a kira maigida. Bahago ya soke allura a jikin rigar, ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa.

“Malam, matso ka ga wani abu,” in ji Malama Asma'u.

Ta tafa hannu a bayan kan Ihsan, yarinyar ta waiwaya. Ta ɗaga ta, ta kawo fuskarta daidai tata, ta kira ta a hankali, ta yi shiru tana jira. An ɗan jima Ihsan ta yi wani ɗan sauti can ƙasan maƙogwaro. Malama Asma'u ta buɗe ido ta ce, “Haka ne? To sai kuma me ya faru?” Ta sake jira. Yarinyar ta motsa ƙafafu, ta ƙara yin sautin, wannan karon da ƙarfi.

“Kunnenta lafiya, idonta lafiya,” in ji ta. “Wannan shirun da ake yabo ba haƙuri ba ne kaɗai. Ta yi ta kira ba a amsa ba, shi ne ta rage. Kuma ba laifin uwarta ba ne. Hassana ba ta da lafiya. Ciwo ne da yake kama wasu mata bayan haihuwa, ya danne musu zuciya, ga kuma rashin da ta yi. Likitoci sun san shi, yana da magani.”

Bahago ya ji kamar an sauke masa wani abu daga ƙirji, don aƙalla yanzu abin yana da suna. Ya ce, “To me za mu yi?”

Ta ce abu biyu take roƙo. Ya kai Hassana asibiti, ita za ta haɗa su da likitan da ya dace. Sannan kullum da hantsi ya ɗauki yarinyar ya fita da ita zaure, uwarta ta samu ta runtsa, shi kuma ya riƙa yi mata magana.

“Magana? Me zan ce mata?”

“Me kake yi da hantsi?”

“Ɗinki.”

“To ka ba ta labarin ɗinkin.”

Inna Hajo, wadda ke zaune a tsakar gida tana jin komai, ta yi gyaran murya. “Malama, 'yar fari ce fa. A gidan nan ba a taɓa yin haka ba. Ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba, balle ya ɗauke ta a gaban mutane.”

Malama Asma'u ba ta yi musu ba. Ta fito ta zauna kusa da ita ta ce, “Inna, gaskiyarki. Ni ma ɗana na fari har yau ba na faɗin sunansa. Kunya ba za mu hana ba. Kada ya kira sunan, ya sa mata duk abin da ya ga dama. Muryarsa kawai muke so ta riƙa ji, kafin uwarta ta warware.”

Inna Hajo ta ce, “Ai sunan surukarsa gare ta. Sai ya riƙa ce mata Surukata, mu ga ko zai iya haɗa ido da ita.”

Washegari ya shimfiɗa zani a kan tabarma a gefensa, ya tattara allurai ya zuba a gwangwani ya rufe, ya bar guda ɗaya a hannunsa. Ya kwantar da Ihsan. Ya daɗe yana kallonta tana kallonsa. Zailani ya rage muryar rediyo da gangan.

“Surukata,” in ji Bahago, muryarsa kamar ta mai ba da haƙuri, “wannan zare ne. Kore ne.”

Zailani ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. “Shekara nawa muna zaune da kai a nan, ba ka taɓa gaya mini launin zare ba!”

Kwanakin farko da ƙyar ya yi su. Masu kawo ɗinki suna shigowa su tarar da shi yana yi wa jaririya bayanin yadda ake fitar da adon aska takwas a gaban riga, wasu su yi murmushi, wasu su kau da kai. Wani dattijo ma ya tambaye shi ko matan gidan sun yi tafiya ne. Sau da yawa ya so ya bari. Abin da ya riƙe shi, in ya mayar da yarinyar cikin gida yakan tarar Hassana ta yi barci na gaske, har da shatar matashi a kumatu.

Wata rana yana jan zare, ya ɗaga hannu sama kamar yadda ya saba, sai ya ga idon Ihsan yana bin hannun. Ya sauke, ta bi. Ya sake ɗagawa ya ce, “Ya tafi!” Ya sauke ya ce, “Ya dawo!” Sai ta yi dariya, dariya mai sauti, irin wadda ba a taɓa ji daga bakinta ba. Bahago ya tsaya da allura a sama. Ya so ya kira wani ya zo ya gani, sai ya tuna Zailani na nan. Ya waiwaya, ya ga shi ma ya daina ɗinki.

“Sake yi mata,” in ji Zailani.

Jinyar Hassana ba ta tafi a miƙe ba. Likita ya zauna da ita sau da dama, ya ba ta magani, ya ce kada a yi gaggawa. Wani makon sai ta tashi ta yi shara har da ɗan kitso, wani makon ta koma bakin gado. Akwai ranar da ta ce masa ita ba ta ga amfaninta a gidan ba, tun da har shi ya fi ta iya sa yarinyar dariya. Da a da ne, shiru zai yi. Ranar sai ya zauna a ƙasa kusa da ita ya ce, “Ni aro nake yi. In ta ji motsinki daga zaure, ni ba ta ƙara kallona.” Ba wata doguwar magana ba ce, amma Hassana ta ce ta daɗe tana juya ta a ranta.

Malama Asma'u tana zuwa duk bayan mako biyu. Ba ta kawo musu kayan wasa na kanti ba. Ƙyallayen shadda da ke zube a zaure ta sa aka cusa aka ɗinke, aka yi ƙwallo. Ta nuna wa Hassana yadda za ta ƙara gyaɗa da waken suya a kunun yarinyar da ta fara cin abinci. Wani zuwan ma ba ta koyar da komai, sai ta zauna ta ce su yi wasa tana kallo, in ta ga abin da ya yi kyau ta ce, “Kun ga wannan da kuka yi yanzu? Ku riƙa yin sa.” Inna Hajo, wadda da farko take kallo daga nesa, ita ta dawo tana tono waƙoƙin reno da ta manta tun tana amarya.

Ana nan, sai ga Zailani wata safiya da Nasrullahi a kafaɗa. Ya ce wai uwarsa tana wanki ne. Washegari ma ya zo da shi, ba a yi maganar wanki ba. Aka ƙara shimfiɗa zani. Zaure ya zama maza biyu, jarirai biyu, rediyo a kashe.

A haka Dakta Jibril ya same su, ranar da ya biyo Malama Asma'u zagayen gidaje. Ya yi sallama, ya dubi Zailani, ya dubi yaron, ya ce, “Wannan ba ɗan ɗaya rukunin ba ne?” Aka ce shi ne. Ya dafe kai yana dariya.

“Mun san mata za su riƙa ba juna labari a gidan suna da gidan biki, mun yi shirin wannan. Zaure ne ban kawo a raina ba.”

Bahago ya ji ba daɗi. Ya ce, “Dakta, in mun ɓata muku aiki ne, a yi haƙuri. Sai dai ban san yadda zan ce masa ya mayar da yaron ba.”

“Kada ka ce masa komai. Aikinmu shi ne mu rubuta abin da ya faru yadda ya faru, har da wannan. Zai ɗan wahalar da mu wajen kwatantawa, amma wahalarmu ce, ba taku ba.” Ya tsuguna ya ɗauki ƙwallon shaddar yana jujjuyawa, ya tambaya wa ya ɗinka.

Da Ihsan ta shekara biyu aka kammala binciken. Aka tara iyaye a makarantar firamaren unguwa, maza gefe, mata gefe, Dakta Jibril ya faɗa musu abin da aka samu. Ya ce yaran da aka ziyarta sun fi saurin magana da gane abubuwa, kuma an gano iyaye mata da dama masu irin ciwon Hassana tun bai yi nisa ba. Wajen nauyi da tsawo kuwa, ya ce bambancin bai kai yadda suka yi fata ba, kuma ba zai ɓoye musu ba. Bahago ya ji daɗin wannan maganar ta ƙarshe kusan fiye da sauran, don ta sa ya yarda da na farkon. Aka cika alkawari, aka fara ziyartar ɗaya rabin. Bayan nan mutanen jami'a suka tattara suka koma, Malama Asma'u ta koma ƙaramin asibitin da take aiki, inda aka ware rana guda a mako ta masu goyo.

Lokacin Hassana ta warware. Ba ta koma mai waƙa kamar da ba, ta ɗan yi sanyi, amma hira ta dawo, ta kuma fara yin alkaki ana saye a gida. Da ta sake samun ciki, tsoro ya kama su su biyun, sai dai wannan karon sun yi maganar a fili, har da Inna Hajo. Aka haifi namiji, Umair. Bayan suna da 'yan makonni, Bahago ya lura tuwon dare yana kwana a kwano. Kafin ya gama shirya yadda zai tambaya, ita ta riga shi.

“Malam, abin nan yana son dawowa. Ina jin sa.”

Da safe ya tare keke napep a bakin lungu, Inna Hajo ta goya jaririn, suka tafi asibiti su uku. Wannan karon bai yi ƙarfi ba, bai kuma daɗe ba.

Yanzu Ihsan tana aji biyu. Ba ita ce ta ɗaya a ajinsu ba, tana dai tsakiya, amma malamarsu ta ce ba a gama bayani ba ta ɗaga hannu ba. Bahago har gobe mutum ne mai shiru. Sai dai in wani saurayin magidanci a unguwar ya samu ƙaruwa, yakan bari a watse daga wajen suna, ya ja shi gefe ya ce, “Ka riƙa tambayar maijego yadda take, ita kanta. In ka ga shirunta ya yi yawa, kada ka jira.” Wasu su ji, wasu su ɗauka tsufa ne ya fara kama shi.

Bara suka ji labarin Malama Asma'u za ta yi wa autanta aure. Bahago ya daɗe yana neman abin da zai yi wa matar nan, bai samu ba, don sana'arsa ta maza ce. Sai ya sa Hassana ta binciko masa tsawon angon. Ya ba mutane biyu haƙuri ya ajiye ayyukansu, ya zauna a kan farar shadda, Zailani yana taya shi da bayan rigar. Ana saura mako guda ɗaurin aure suka ɗunguma zuwa Tukur-Tukur.

Malama Asma'u ta warware rigar a tsakar gida, ta daɗe tana shafa aljihun da tafin hannu. Ta ce, “Malam, wannan ai ya yi yawa. Ni aikina na yi, an kuma biya ni.”

Bahago ya shirya maganganu tun daga gida, amma da aka zo wurin duk suka gudu. Abin da ya iya cewa shi ne, “Malama, kin shigo gidanmu a lokacin da ba mu san me ke damunmu ba. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifanki.”

“Amin,” in ji ta, tana goge ido da bakin mayafi. Ta ƙwala wa angon kira ya zo ya gwada. Rigar ta ɗan yi masa tsawo, don wadda Hassana ta tambaya ta ƙara masa. Bahago ya ce ba komai, a ba shi allura da zare. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya zauna yana rage ƙasan, matan kuma suka shige ɗaki da yaran suna maganar abincin biki.